Makullan Agali

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo wai na ɓace, ban ɓace ba. Wayata portabul ce ta faɗa bokitin ruwa. Ga labari. Wanda yau ya fara shigowa ma zai gane, ba sai ya dame ni da tambaya ba.

*

Tun kafin su bar Dakoro Agali ya san ranar nan ba za ta ƙare yadda ta fara ba.

Jakar fata ce ta gaya masa.

Surukinsa, tsoho Rhissa, ya fito daga ɗakinsa na bakin zaure da rawani har bisa hanci, da baƙin tabarau, da sanda. Wannan duk na kullum ne. Amma yau ga tsohuwar jakarsa ta fata rataye a kafaɗa, ta kumbura, bakin butar shayi ya leƙo daga ciki. Ga bargo naɗe a hammata.

Mutumin da za a kai yawon yini guda ba ya ɗaukar bargo.

Raudatu, autar tsohon, wadda ta zo hutu daga Ingila, ita ta haɗa tafiyar. Ta kwashe da dariya.

"Baba, kallon raƙuman dawa za mu yi a Gadabeji, ba ƙaura ba. Mi za ka yi da bargo?"

"Tsoho ba ya nisa da kayanshi."

"To kawo in riƙe maka."

"Bar shi."

Agali ya sunkuya kamar yana duba tayar motarsa kat-kat. Ba taya yake dubawa ba. Shi kaɗai ya san ma'anar jakar nan.

Tsoho Rhissa ba ya gani.

Tun damina waccan ne. Wata safiya Agali ya zo wucewa ta zaure, ya ga tsohon yana zuba shayi. Ya ɗaga buta sama yadda ya saba, shayin yana sauka a yashi, kofi yana gefe ba ko ɗigo. Tsohon ya ji sautin bai yi daidai ba. Ya kuma ji numfashin mutum a bakin ƙofa. Sai ya juya ya fuskanci bango, domin suruki ba ya fuskantar suruki, ya ce:

"Wanda ke tsaye nan, abin da ya gani shi tsaya a cikinshi. Na rantse da Allah, ranar da ɗiyana sunka san na makance, ranar zan koma daji wajen ƙanena Halidu. Ba za a ja ni da sanda cikin kasuwar Dakoro ba."

Ku da ba ku san al'adarmu ba, ku saurara. Mijin 'ya ba ya cin abinci gaban surukinsa, ba ya jerawa da shi, ba ya kama hannunsa. 'Yar fari kuwa, uba ba ya kiran sunanta, ba ya kallon fuskarta. Hamsatu matar Agali ita ce 'yar fari. Ta kawo abinci ta aje, kanta a ƙasa, ta fita. Da wannan kunyar tsohon ya lulluɓe makantarsa a gidan da yake kwana yake tashi.

Agali kuwa dabara ya yi. Ya tara makullai ya rataya a ƙugu: na mota, na shago, da waɗanda ƙofofinsu sun daɗe da ruɓewa. In an kira salla sai ya wuce ta bakin zaure, cas, cas, cas. Tsohon ya fito ya bi ƙarar daga nesa har masallaci. Mutanen unguwa suna cewa, kai, Agali akwai kunya, ko jerawa ba ya yi da surukinsa.

Komai yana tafiya, sai ga auta ta sauka. Auta ba ta san kunya ba. Ta hau tabarmar ubanta, ta sha a kofinsa, ta tura masa portabul a fuska ya ga hotunan jikoki. Tsohon yana ta "masha Allah". Amma ya san ba zai daɗe yana tsira ba.

Shi ya sa ya ɗauko bargo. Zangon Halidu yana kan hanyar Gadabeji.

*

Raudatu ta shiga gaba. Tsohon ya zauna bayan shofer, wato Agali, Hamsatu ta maƙure a ɗaya gefen tana kallon waje, kular abinci a tsakaninsu. Suka bar gari suka hau yashi, suka yi arewa. Kaka ce, ciyawa ta fara ja, shanu sun ƙoshi suna tafiya kamar masu kuɗi.

Tsakanin mijin ya da ƙanwar mata akwai wasa, kuma waɗannan biyu ba sa raga wa juna.

"Ke Baturiya, wai da gaske can aikinki ke nan? Yawo da tsofaffi?"

"Wanka, magani, abinci, duka. Amma kowane mako muna zuba su a bas mu hita da su. Ƙauye ne inda nike, ba birni ba. Wani lokaci gona za mu, su kalli tumaki."

"Su mi?"

"Tumaki. A biya a ƙohwa, a shiga, a ba ka kwalba ka shayar da ɗan rago."

Agali ya bugi sitiyari.

"A biya! A biya a yi wa mutum kiwo! Ki kwaso su ranar kasuwar Dakoro, wallahi kyauta zan sa su ɗora mini awaki a mota."

"Akwai wani tsohon gidan dutse, mai shi ya mutu tun kahin kakan kakanka. Ana zuwa a ga gadonshi da cokulanshi."

"Ba magada?"

"Akwai jirgin ƙasa mai gawayi, shi ɗauke ka shi zagaya tudu shi maido ka inda ka hau."

"Ni in na yi wa fasinja haka duka zan sha."

"Kai dai mai makullai, ba ka san komi ba sai man isansi da taya. Akwai wata tsohuwa, wata da watanni ba ta ce uffan ba. Ranar da munka kai ta gona ta ji warin tumaki, sai ta hwara ba mu labarin ubanta. Har dare tana magana."

Ta juyo baya.

"Shi ya sa na ce sai mun zo. Baba, tun da na sauka daga ɗaki sai masallaci. Kai da ka cika mana kunne da labarin raƙuman dawa muna ƙanana."

"Sun ƙare tun babban hwari," in ji tsohon.

"An maido su. A manyan motoci kamiyo anka kwaso su, daga can wajen Yamai."

"Haka na ji."

Can gaba suka zo wata rijiya. Jakuna suna jan guga, kurar rijiya da igiya ke bi ta kanta tana kuka, raƙuma sun jeru. Hanya ta rabu biyu a nan. Tsohon ya ɗaga kai yana saurare.

"Rijiyar su Halidu ce wagga."

"Ita ce," in ji Agali, yana magana da gilashin mota.

Ta madubi ya ga hannun tsohon ya sauka kan jakar fata. Ya taka mota ya wuce da sauri.

*

A bakin gandun dajin aka haɗa su da gardi mai tsaron gandun, wani dogon Bafillace mai koren kaki, sunansa Samba. Ya matse a gaba kusa da Raudatu yana nuna hanya.

Agali ya shiga aikinsa. Duk abin da ya gifta sai ya faɗa da ƙarfi, wai Raudatu yake nuna wa.

"Baturiya, ga barewa can dama, gindin aduwa!"

Tsohon ya juya dama. "Masha Allah."

"Ga tuje nan hagu, ya buɗe hiffike!"

Tsohon ya juya hagu.

"Kai shofer, ina da ido," in ji Raudatu. "Sai ihu kake kamar mai tallan magani."

Agali har ya fara jin sanyi a ransa. In daga cikin mota za a yi kallon, an tsira.

Sai Samba ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ga sawunsu, sabo ne. Suna bayan itatuwan can. Mota ba ta matsawa, da ƙahwa za mu ƙarasa."

Aka fito. Agali ya taka ƙasa, cas, cas.

Samba ya juyo.

"Mine ne wannan?"

"Makullai."

"Na gidan kaso ne? Cire su ka bar su a mota."

"Ba na rabuwa da su."

"To ka zauna da su a mota. Namun nan ba su son ƙarar ƙarhe. Da sun ji, sun tahi, yau ba mai sake ganinsu. Ba magana, ba tari, ba waya. In na ɗaga hannu kowa shi tsaya."

"Cire mana!" in ji Raudatu. "Daga Ingila na zo, ba za ka kore mini su da kayan gwangwan ba."

Agali ya dubi tsohon. Tsohon yana tsaye ƙyam, jaka a kafaɗa, kamar ba da shi ake ba.

"Tsoho ya gaji. Ko shi huta a mota, ni in zauna..."

"Don shi munka zo!"

"Ban gaji ba," in ji Rhissa.

Agali ya kwance makullan. Ya aje su kan kujera. Ya ji kamar idon mutum ya cire ya aje.

Da farko abin ya tafi. Takalmin Samba mai nauyi ne, yana karya busasshiyar ciyawa, tsohon ya kama wannan sautin ya bi. Agali yana gefe yana jan ƙafa da gangan. Samba ya harare shi, ya daina.

Suka zagaya wani kurmin farar ƙaya.

Samba ya ɗaga hannu. Ya nuna hagu.

Kowa ya tsaya. Kowa ya juya.

Ga su nan. Dogaye, kawunansu sun wuce itatuwa, suna tsinkar ganye a hankali kamar ba su da wata damuwa a duniya. Raudatu ta toshe baki da hannu. Hamsatu ma, da ba ta cika nuna abu ba, ta saki baki.

Mutum ɗaya ne bai ga hannun Samba ba.

Tsoho Rhissa ya ci gaba da tafiya. Miƙe, kansa a sama, sanda a hammata don kada a ce yana lalube. A gabansa ga ramin dabgi, baki buɗe, wanda zai haɗiye ƙafar mutum har gwiwa.

Agali bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Ya cafke damtsen surukinsa ya fizgo shi baya. Ƙasa ta zube cikin ramin daga ƙarƙashin takalmin tsohon.

Tun da ya auri Hamsatu, yau ne hannunsa ya fara taɓa jikin mutumin nan.

"Wane ne?" in ji tsohon da ƙarfi.

Raƙuman dawa suka ɗago kai.

Raudatu ta tako a hankali. Ta tsaya gaban ubanta. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a gaban tabarau. Ta sake kaɗawa.

Tsohon yana kallon bayanta.

Samba mutum ne mai hankali. Ya ce bari ya duba wani sawu can, ya yi nisa ya juya musu baya.

*

Faɗan da aka yi a wurin, da raɗa aka yi shi, saboda namun suna kusa. Amma raɗar ta fi ihu zafi.

"Baba. Tun yaushe?"

Raudatu ta juya kan Agali.

"Kai ka sani."

"Na sani."

"Barewa dama, tuje hagu! Ashe ba ni kake nuna wa ba! Tun yaushe?"

"Damina waccan."

"Damina waccan! Kullum ina kiranka, in ce Baba lahiya? Ka ce lahiya lau, Baturiya. Ni da nike wanke tsofaffin wasu, ubana na nan cikin duhu! Akwai asibiti a Maraɗi, kana da mota, mi ya hana ka?"

"Ya rantse."

"Ya rantse mi?"

"Ranar da kunka sani zai koma daji wajen Halidu. Dubi jakarshi. Ke kin ɗauka bargon na mine ne?"

Raudatu ta dubi jakar.

Tsohon ya zare hannunsa daga na Agali. Ya gyara amawali. Muryarsa ba ta rawa.

"Ba laihinshi ba ne. Amana na ba shi, ya riƙe. Yanzu magana ta ƙare. A sauke ni a rijiya."

"Baba..."

"Na ja raƙuma daga nan har Agadas ba wanda ya nuna mini hanya. Ba zan zauna ɗiyata tana ce mini ga ƙohwa, ga buta ba."

A nan ne Hamsatu ta yi magana. Ba ta dubi ubanta ba. Ƙanwarta ta kalla, ko da yake duk suna tsaye wuri guda.

"Raudatu, ki ce mishi ɗiyarshi ta daɗe tana ce mishi ga buta. Ba da baki ba ne kawai."

Agali ya juyo.

"Ke?"

"Ki ce mishi tun da anka haihe ni bai taɓa kallon huskata ba. In na shigo da hura sai shi kau da kai. Wata rana na shigo, ya zuba mini ido, bai kau da kai ba. Na aje kwarya na koma ɗaki na yi kukana. Tun kahin wanga mai makullai shi ga shayi a ƙasa."

Raudatu ba ta isar da saƙon ba. Ba a buƙata.

"Ki tambaye shi, wa ke aje buta wuri guda kullum? Wa ke ƙulla zare a wuyan rigarshi ta gaba, don kada shi sa ta a baibai? Turmi da ke bayan ɗaki, mi ya sa na maido shi bakin zaure? Don in ya hito shi ji daka shi san inda ƙohwa take."

Agali ya rasa inda zai sa kansa.

"Kuma ba ki hwaɗa mini ba?"

"Kai ka hwaɗa mini? Ina bayan katanga lokacin da ya yi rantsuwar. In na nuna na sani, ya tahi." Ta ɗan harare shi. "Makullanka ma da hwarko ba su da ƙara. Ɗan ƙaramin nan na tagulla, ka taɓa tambayar kanka na wace ƙohwa ne?"

"Na ɗauka na tsohon shago ne."

"Na akwatin aurena ne, ni na sa maka shi. Shi ne mai zaƙin murya."

Raudatu tana kuka tana dariya, tana toshe baki don kada namun su gudu.

Tsohon bai motsa ba.

"Rantsuwa rantsuwa ce," ya ce a hankali.

"Ki ce mishi ta karye tuni," in ji Hamsatu, "shina zaune shina shan hurata."

Agali mutum ne da ba ya iya zagaye-zagaye. Ya ga in bai yi magana yau ba, ba sauran rana. Ya zo gaban surukinsa ya durƙusa, ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yi masa magana kai tsaye.

"Baba, ka yi haƙuri da rashin kunyata. Rantsuwa tana da kaffara, liman ya hwaɗa, kana sahun gaba ka ji. Miskinai goma za a ciyar. Gidana ko ba rantsuwa ana ciyar da hiye da haka."

Ya ci gaba.

"Lokacin da na zo neman aure ni karen mota ne. Ba uwa, ba uba, ba akuya ko guda. Danginka duka sunka ce a kore ni. Kai ka ce, yaron da ke sauke tsohuwa daga mota kahin shi sauke buhu, a ba shi. Duk abin da nike da shi daga maganar nan ya hito. Makullan nan ba wahala ba ce gare ni. Wallahi in na ji sandarka a bayana da asuba, ji nike ni ma ina da uba."

Ya share fuska da hannun riga.

"In ka tahi daji, wa zan yi wa ƙara?"

Iska ta kaɗa. Daga hagu aka ji wani sauti, kamar ana yage tsumma a hankali. Namun sun saki jiki sun koma cin ganye, har ɗaya ya matso.

Tsohon ya juya kansa. Wannan karon daidai ya juya. Ya ja numfashi ta hanci, ya daɗe.

"Warinsu bai sake ba," ya ce.

Ya miƙa hannu cikin iska. Agali ya tashi ya sa damtsensa a ƙarƙashin hannun.

"Hwaɗa mini."

"Ga wani babba gabanmu. Wuya kamar ƙarhen antan na waya. Jikinshi kamar tabkin da ya bushe ya tsattsage, ja da hwari."

"Ƙahonshi da gashi a kai, ko sanƙo?"

Agali ya ƙura ido. "Sanƙo."

"Namiji ne. Hwaɗa ya cinye gashin. Akwai ƙarami?"

"Akwai. Shina bayan uwar, shina leƙenmu ta tsakanin ƙahwahunta."

"An haihu a nan ke nan."

"An haihu."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon. "Ina saurayi na bar su a kwarin nan. Na ɗauka ni da su sai a lahira." Ya juya wajen Raudatu. "Auta, Allah shi yi miki albarka. Turawanki ba su yi wauta ba."

Suka daɗe a tsaye. Agali yana faɗi, tsohon yana tambaya, har namun suka juya suka shige cikin itatuwa.

Raudatu ta ce, "To Baba, maganar rijiya..."

"A tahi," kawai ya ce.

*

A inuwar wata aduwa aka buɗe kula. Dambu ne da nama da cuku. Samba ya ci ya yi godiya. Agali ya ɗauki nasa ya koma bayan mota, don kunya ba ta mutuwa a yini guda. Tsohon ya taɓa kaɗan. Jakar tana kafaɗarsa, ko da zai yi salla a gefensa ya aje ta.

Aka sauke Samba a bakin gandu. Mota ta kama hanyar dawowa. Ba wasa, ba Baturiya, ba mai makullai. Kowa yana sauraren inji.

Da la'asar kukan kurar rijiya ya fara shigowa ta taga.

"Tsaya," in ji tsohon.

Agali ya tsaya daidai inda hanya ta rabu. Ya kashe mota. Hannunsa yana kan sitiyari, ya kasa waiwaye.

Tsohon ya lalubi ƙofa ya buɗe. A gaban kowa ya laluba, bai ɓoye ba. Ya sauka da jaka da bargo da sanda. Ya tsaya yana fuskantar gabas, inda zangon Halidu yake.

Raudatu ta kama ƙofa za ta fita. Agali ya riƙe mata hannu.

Tsohon ya buɗe baki.

"Hamsatu."

Matar da ta haifi 'ya'ya har ta aurar, ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Ta zauna kamar an dasa ta.

"Hamsatu, da ke nike."

"Na'am... Baba."

"Zo ki karɓi jakar ga. Ta yi mini nauyi."

Ta fito. Ta karɓa da hannu biyu.

"Akwai sukari da ganyen shayi a ciki. Ki ba masu jan ruwa su kai wa Halidu. A ce mishi na wuce, ban samu tsayawa ba. Ana jirana gida."

Agali ya kifa goshi a kan sitiyari. Abin da ya fito daga bakinsa hamdala ce, amma ba ta fita daidai ba.

Da Hamsatu ta dawo daga rijiya, ita ta kama hannun ubanta ta zaunar da shi. Ta ɗauke kular da ke tsakaninsu ta mayar baya.

Tsohon ya sa hannu ya zare tabarau. Ya miƙa wajen da ya ji numfashin auta.

"To lokotoro, likitarmu. Tun da kin iya tsofaffi, duba naki."

Raudatu ta durƙusa a kan kujera ta juyo. Ta kunna fitilar portabul. Ta buɗe idon hagu da yatsa.

"Baba! Wagga yanar ido ce! Hwara ce fat, irin wadda ake cirewa. Tsofaffina nawa anka yi wa, washegari suna karanta jarida. Ka ga haske?"

"Ina ganin kamar wata cikin hazo."

"Alhamdu lillahi! Wallahi za ka ga raƙuman nan da idonka, ni zan..."

Ta matsa kan idon dama.

Maganar ta tsaya.

Idon ja ne kamar garwashi. Ta ce ya rufe, ta danna fatar a hankali da yatsu biyu. Tsohon, mutumin da ko kunama ta harbe shi ba ya cewa wash, ya ja da baya.

"Tun yaushe yake maka ciwo?"

"'Yan kwanaki. Ba komi ba ne."

"Da ciwon kai? Da tashin zuciya?"

Ya kau da kai.

Hamsatu ta ce, "Shekaranjiya ya maido tuwo ko taɓawa bai yi ba."

Raudatu ta kashe fitila. Ta juyo ta zauna daidai. Babu sauran wasa a fuskarta.

"Agali."

Tun da ta sauka, yau ne ta fara kiransa da sunansa.

"Isansin da ke motar ga zai kai mu Maraɗi?"

"In na ƙara a Dakoro. Gobe da sassahe sai mu..."

"Ba gobe ba. In ba a duba idon ga na dama yau ba, ya tahi ke nan. Tada mota."